Keken Baba: Wata Biyar Daga Ɗakin Shirgi Zuwa Titi

Tun ranar ƙaramar Sallar 2024 da na je Idi a kan keken mahaifina, mutane ba su daina tare ni da tambaya ba. Wani ya ce akwai irinsa a gidansu yana rataye a zaure, wani ya ce nasu yana ƙauye kaji na kwana a kai, kowa so yake ya ji ta ina ake farawa kuma nawa ake kashewa. Ni kuwa da na fara ban sami mai gaya mini ba, har na yi asarar kuɗi da lokaci, kuma saura ƙiris in kashe keken gaba ɗaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru daki-daki, yadda ya zo.

Keken Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe da gidan kaca rufaffe, irin wanda iyayenmu ke kira Rali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a tashar Jos, kuma da kuɗin Udoji ya saye shi a 1975, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da ariyas. A kansa ya yi ta zuwa aiki daga Unguwar Rogo, a kansa ya kai mu makarantar allo da ta boko, ɗaya a sanda ɗaya a kariya. Da ciwon gwiwa ya kama shi sai ya jingine shi a ɗakin shirgi, ya rasu a 2016 keken na nan inda ya bar shi. A watan Nuwamba na 2023 Inna ta sa a share ɗakin, 'yan gwangwan suka zo suka taya shi naira 4,000. Allah ya sa na shigo gaishe ta a daidai lokacin, yaron har ya ɗora shi a kura. Na ce a sauke. Inna ta dube ni ta ce, "Me za ka yi da wannan tsatsar?" Na ce, "Inna, tayar da shi zan yi." Ba ta ce komai ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Mataki na farko ba wajen mai gyara ba ne, a gida ne, kuma da yawa za su manta da shi. Keken nan kayan gado ne. Lokacin da aka raba gadon Baba ba wanda ya tuna da shi, don haka har ranar yana nan da haƙƙin mu bakwai da Inna a kansa. Yayanmu ya ce kada in taɓa ko noti ɗaya sai an warware wannan, domin abin da yau ba shi da daraja, gobe in ya yi kyau yana iya haɗa 'yan uwa rigima. Ya yi gaskiya. Muka tuntuɓi limamin unguwa, ya ce a yi masa kima, ko dai kowa ya yafe rabonsa da bakinsa ko in biya. Sai da na jira mako biyu kafin ƙanwarmu da ke aure a Kaduna ta zo, don na fi son a yi maganar ido da ido. Aka tsayar da kima naira 10,000, na biya, aka rubuta a takarda kowa ya sa hannu. A ranar ce Inna ta buɗe adakarta ta ciro rasidin sayen keken, ya yi ja ya kusa rabewa gida huɗu, da lambar firam ɗin a rubuce da biro. Na ɗauki hotonsa, na mayar mata da abinta.

Daga nan na yi kuskuren da ya fi kowanne. Ɗoki ya ɗebe ni, washegari na tura keken wajen wani matashi mai faci da gyaran kekunan yara a bakin layinmu, na ce ya kwance mini shi kaf. Na bar shi na tafi aiki. Da na dawo da la'asar na tarar ya dirka wa kota, wato ƙusar da ke kafe hannun feda a jikin aksil, guduma har kanta ya lanƙwashe ya baje, ya cire kofin da ke riƙe da aksil ɗin feda na hagu, ya ce ya cinye, ya jefar a bola, ya sayo sabo yana ta faman cusa shi da ƙarfi yana ɗora bututu a kan sifana. Ban san komai game da keke ba a lokacin, amma na san abin da aka yi don juna ba ya buƙatar irin wannan kokawa. Na ce ya tsaya. Na biya shi 3,000 na aiki da 2,500 na kofin, na kwashe kayana a buhu. Muka tona bolar da tocila har bayan magariba, tsohon kofin bai fito ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ban ga laifin yaron sosai ba, shi abin da ya saba gani yake yi, ni ne na kai masa abin da ya girme shi.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wani dattijo mai gyaran keke a wani lungu ta wajen kasuwar Katako, wanda kowa ke kira Baba. Na je sau biyu ban same shi ba, a na uku na tarar da shi zaune a ƙarƙashin rumfar kwano yana ɗaure wili. Na gaishe shi na zazzage buhun. Ya daɗe yana kallo, ya shafa tambarin zalɓen nan na tagulla da ke goshin keken, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa maka shi?" Na faɗa masa. Ya sa ɗan yatsa cikin ramin kofin ya juya, ya ce Allah ya taimake ni, layi biyu na bakin ramin kawai aka ci, sauran lafiya lau. Da an ƙara zagaye uku da firam ɗin ya tashi daga aiki. A nan na fara jin bayanin da ya kamata duk mai tsohon Raleigh ya sani kafin ya taɓa shi. Tiredin kekunan da aka ƙera a Nottingham ta Ingila, wato layukan da kofi ko noti ke bi yana ɗauruwa, nasu ne na kansu: layi 26 a kowane inci a wajen kofin feda da wuyan keke, alhali yawancin kayan da ke kasuwa yanzu layi 24 ne. A ido iri ɗaya ne. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa ya cinye ramin. Haka kawunan notocinsa, awonsu na tsohon ma'aunin Ingila ne, sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu, sai ta riƙa zamewa tana murje su.

Kafin ya yarda ya karɓi aikin, Baba ya ce sai ya duba ko keken ya cancanci a kashe masa kuɗi. Ya ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, ya zagayo da shi ta goshi ya dawo ƙafar baya ta hagu, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe, suka zo daidai, alamar firam bai karkace ba. Ya bi duk mahaɗar bututu yana kankare datti da ƙusa yana neman tsaga. Ya shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan goshi, ya ce keken da ya taɓa yin karo a nan yake yin ƙulu. Ya ƙwanƙwasa bututun ƙasa da sifana yana sauraro, don tsatsar ciki ita ce mugu, ba ta waje ba. Fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, shi ne kawai ya ɗan koma baya kaɗan, ya ce wannan mai miƙuwa ne. Ya kankare bayan bututun sirdi lamba ta fito, muka gwada da hoton rasidi ta zo daidai. Da N ta fara, kuma a tsarin lambobin da kamfanin ya yi amfani da shi a shekarun nan N na nufin Nottingham. Ya ce akwai waɗanda aka haɗa a Kano, domin Raleigh ta yi masana'anta a can, su ma ƙarfe ne na gaske. Muka yi ciniki a kan 20,000 kuɗin hannunsa, da sharaɗi biyu daga wajensa: ba zan yi masa gaggawa ba, kuma duk Asabar zan zo in yi aikin da hannuna yana nuna mini. Sharaɗi na biyun shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi a duk wannan tafiya.

Kwancewa kaɗai ta ci mana mako uku. Baba ya sa na ɗauki hoton kowane sashe kafin a taɓa, musamman sandunan birki da 'yan ƙananan maɗauransu, domin in suka tarwatse ba mai tuna wanne ke bin wanne. Na tara gwangwanayen madara goma sha biyu, kowanne na liƙa masa takarda: birkin gaba, birkin baya, madigadi, gidan kaca, haka dai. Duk notin da ya ƙi motsi ba a yi masa dole, sai a ɗiga masa kananzir da baƙin mai a bar shi. Sandar sirdi ta kwana tara tana shan mai kafin ta juya. Kotar da aka baje sai da muka huda ta da injin huda muka fitar da ita gutsu-gutsu. Baba kuwa ya nuna mini yadda ya kamata a yi: a sassauta noti har ya zo daidai da bakin kotar, a tokare hannun feda ta ƙasa da guntun bututu mai tsayawa a kan dutse don kada bugun ya tafi kan boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da aksil ke juyawa a kansu, sannan a yi mata bugu ɗaya mai ƙarfi.  Fedar hagu juyinta a birkice yake, ta hannun dama ake kwance ta, kuma kofin feda na dama ma haka, amma shi Baba ya ce a bar shi a mazauninsa tunda lafiyarsa ƙalau, a wanke shi a nan. Boris kuwa sai ka shimfiɗa tsumma kafin ka buɗe, in ba haka ba su watse cikin ƙasa. Abin da na ƙirga: 11 kowane gefe a aksil ɗin feda masu inci 1/4, 9 kowane gefe a hob ɗin baya, wato cibiyar wili, su ma 1/4, 10 kowane gefe a na gaba masu 3/16, sai ƙanana 25 sama 25 ƙasa a wuya masu 5/32. Ka rubuta naka, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Sai neman kofin da aka jefar. Na zaga shagunan kayan keke na cikin gari daga Taminus har Dilimi, kowa sai ya miƙo mini irin na 24 ya ce ai duk ɗaya ne. Baba ya ce in daina wahalar da kaina, da tsohuwar zuma ake magani, in je wajen 'yan gwangwan in nemo gawar wani Rali. Asabar uku ina yawo cikin tarin ƙarafa, na bar lambar wayata a wurare huɗu. A ƙarshen Disamba aka kira ni, an kawo wani wanda firam ɗinsa ya karye a wuya amma sauran kayan na nan. Na saya 9,000, mai Keke Napep ya karɓi 1,500. A nan ma na nemi a rubuta mini takarda da sunan mai sayarwa da lambar firam da shaida ɗaya, domin kayan gwangwan ba ka san ta inda suka fito ba, kuma ba na son wata rana a tare ni a ce na sayi kayan sata. Mutumin ya yi mamaki amma ya rubuta. Daga gawar nan muka sami kofin, da wilin baya mai lafiya don namu tsatsa ta huda shi, da murfin gidan kaca da ya ɓata tun muna yara, da notoci cike da gwangwani. In da zan sake, da gawar zan fara nema tun kafin in kwance komai.

Cire tsatsa aikin haƙuri ne amma ba shi da wuya, a gida na yi shi da daddare ni da babban ɗana. Ƙananan ƙarafa na jiƙa su a ruwan khal kwana ɗaya, na goge da burushin waya, na ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, na shanya su a rana, na shafa musu mai nan take. In ka bar su ko na awa biyu ba mai, sabuwar tsatsa za ta hau. Kan keke da wili da hannun feda, masu farin ƙarfe mai ƙyalli, kada ka kusance su da sanfefa. Takardar alminiyam ta naɗe abinci za ka dunƙule ka tsoma a ruwa ka yi ta gugawa. Inda ƙyallin ya riga ya ɓare ba zai dawo ba, na bar shi haka na shafa mai. Khal da sanfefa da kananzir da giris duka sun ci kusan 7,000.

Fenti ne ya sake kayar da ni, kuma a nan ban ji maganar Baba ba. Shi ra'ayinsa kada a yi fenti sam, a wanke asalin baƙin a goge shi da mai, don fentin kamfani gasa shi aka yi kuma ba mai iya yin irinsa a bakin titi. Ni kuwa na ga rabin fentin ya tafi, wani wuri ma man birkin da wani ya taɓa zubawa don kwance noti ya cinye shi har ƙarfe, na nace. Na kai wa wani mai fentin babura a farkon Janairu ya ce 15,000, kwana biyu. Wanda ya san Jos ya san yadda Janairu take, sanyi mai shiga ƙashi da ƙurar hunturu. A fili ya fesa, bai kankare tsohon ba, bai sa fentin ƙasa ba. Da na je ɗauka jikin keken kamar an barbaɗa masa yashi, ya fesa har kan tambarin zalɓe da cikin ramukan tiredi, kuma da na danna farce sai ya shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunyar komawa wajen Baba. Da ya gani bai yi mini faɗa ba, ya ce, "Araha ba ta ado, ɗana. Ɗauko sanfefa." Mako biyu na yi ina kankarewa har ƙarfe ya fito fari. A karo na biyu na sami mai fentin mota da ke da rumfa rufaffiya, na tsaya a kansa. Muka toshe duk ramuka da takarda, muka rufe tambari da salatif, ya sa fentin ƙasa mai hana tsatsa, ya bari ya kwana biyu, ya goge da sanfefar ruwa, ya yi baƙi shafi uku da tsakar rana lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi, bayan ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ya karɓi 22,000. Na ajiye firam ɗin a ɗaki mako uku ban taɓa shi ba, don fenti yana bushewa a sama da wuri amma cikinsa na daɗewa. Siraran layukan zinariya na jikin firam da madigadi, wani mai zanen jikin manyan motoci ne ya ja su da hannu yana kallon hotunan da na ɗauka tun farko, ya karɓi 4,000. Har yau in na tuna asalin fentin da ya rage a bututun ƙasa, wanda hannun mahaifina ya goge shekara da shekaru, nakan ji da na saurari Baba.

Taya ma akwai tarko a cikinta. Na shiga shago na ce a ba ni mai lamba 28, aka ba ni biyu, na kai, suka ƙi hawa wili ko da ƙarfen cire taya. Ashe tayoyi iri biyu ne ake kira 28. Ta irin kekunanmu ita ce 28 x 1 1/2, kuma a jikinta za ka ga 635, wato faɗin wilin a milimita. Ɗayar ta kekunan zamani ce, 622, ta gaza da milimita 13, ba yadda za a yi ta shiga. Mai shagon ya karɓa ya canza mini amma ya cire 2,000 don na ɓare ledar. Na gaskiyar biyu 16,000, tib biyu 5,000. Kaya sun yi tsada a lokacin, domin tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 mutane da yawa suka koma hawan keke. Wayoyin wili duka muka canza, 32 a gaba 40 a baya, 72 ke nan, 6,000. Ka ƙirga ramukan hob ɗinka da na wilinka kafin ka sayi komai, don akwai masu 36, kuma ka tafi da tsohuwar waya ɗaya ta gaba ɗaya ta baya don awo. Ɗaurin wili Baba ne ya yi da kansa, ni kallo kawai na yi, yini guda a kan wili biyu. Ya ce keke mai birkin ƙarfe ba ya yafe karkataccen wili, domin robar birkin daga ƙasa take jawo cikin wilin, in wilin yana tsalle ko kaɗan birki zai riƙa kamawa yana saki.

Sirdin fata ne mai sifirin, fatar ta bushe ta tsage biyu, amma ƙarfen ƙasa lafiya. A kasuwa akwai na roba mai arha, ban so ba. Na hau mota zuwa Naraguta wajen dukawa da tsohuwar fatar a hannu. Baduku na farko ya ce fatar jaka yake da ita, za ta saki cikin wata guda. Na biyu, wani mai furfura, ya ce kirgi mai kauri ake nema, na gadon bayan sa, in ba shi kwana goma. Sai da ya yi goma sha takwas, na je sau uku, amma da na ga aikin ban yi ƙorafi ba. Ya jiƙa kirgin, ya ɗora shi a kan itacen da ya sassaƙa daidai da tsohon, ya bar shi ya bushe a inuwa, ya kafe shi da ƙusoshin tagulla. Ya karɓi 12,000, ya gargaɗe ni kada in cika masa mai, ɗan kakin zuma da man kaɗanya kaɗan ta ƙasa ya isa, kuma kada in bar shi a ruwan sama. Akwai noti a ƙarƙashin hancin sirdin na ɗame fata, ya ce rabin juyi kawai in ta saki.

Cikin azumi muka haɗa shi, a watan Maris, muna farawa da hantsi mu tashi kafin azahar don Baba ba ya jure rana da ƙishirwa. Sabbin boris da kota da robar birki 3,500, kaca 4,500. Firiwil ɗin asali, wato faifan haƙoran baya da kaca ke ja, mai haƙori 18 ne, Baba ya ba ni shawara in sa mai 20 saboda hawan Jos, ya ce mahaifina da ƙarfin saurayi ya saye shi, ni kuwa na haura arba'in. Na sa, 3,500, na adana tsohon. Sabuwar kota ba ta shiga haka nan, sai an goge gefenta da zarto kaɗan-kaɗan ana gwadawa, kuma ta dama da ta hagu dole su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Wilin gaba ma yana da dama da hagu: kon ɗin da ake juyawa don saiti, wato notin da ke danne boris, a hagu yake zama, in aka juya shi yana iya ɗaure kansa a kan tafiya. Gidan kaca ya fi komai cin rai, yini biyu muna fama da shi kafin kaca ta daina gogarsa. Ranar 27 ga azumi Baba ya buga iska, ya murza feda da hannu, ya kasa kunne, ba ka jin komai sai tik-tik ɗin firiwil. Ya miƙo mini ya ce, "Bismilla, hau." Na zaga layin sau ɗaya na dawo, na kasa magana.

Da na tattara lissafi, duka-duka naira 146,500 ne, ban da kuɗin motar zirga-zirga. A ciki 22,500 asara ce tsantsa: yaron farko da kofinsa, fentin farko, da canjin taya. Farashin nan na tsakanin ƙarshen 2023 da farkon 2024 ne, yau sai ka sake tambaya. Wanda ke neman abin hawa kawai, wannan kuɗin zai saya masa keke na hannu mai kyau ba tare da wahala ba. Wannan aiki na wanda keken ke da wata ma'ana a wurinsa ne.

Ga wanda zai fara, abin da zan ce ya bi wannan jeri. Ka warware maganar mallaka tukun, a rubuce. Kada ka kai wa kowane mai gyara, ka nemi dattijon da ya yi zamani da irin keken, ka tambaye shi bambancin tiredin Rali da na sauran, amsarsa za ta nuna maka ko ya sani. A duba firam kafin ka kashe ko sisi. Kada ka yar da komai, ko wanda ya lalace, domin shi ne awon da za ka nemo madadinsa da shi. Ka nemi gawa da wuri. Fenti ya zo bayan an tabbatar duk kaya sun samu, kuma ka yi tunani sau biyu ko ana ma buƙatarsa, kada garin gyaran gira a rasa ido. In za a yi, a guji tsakiyar hunturu da tsakiyar damina, ko a sami rumfa rufaffiya. Sannan ka san halin abin da ka tayar: keken nan nauyi gare shi, kuma birkin roba a kan wilin ƙarfe ba ya kamawa sosai in ya jiƙe. A garin da ke da gangara irin Jos, in ruwa ya sauko nakan sauka in tura, kuma ban yarda ɗana ya hau shi kan babban titi ba tukuna.

Ranar jajibirin Salla na tura shi gidan Inna. Ban shiga da sallama ba, na tsaya a zaure na kaɗa ƙararrawa sau biyu, yadda mahaifina yake yi a da in ya dawo daga aiki. Ƙararrawar ita ce abu ɗaya da ba mu canza mata komai ba, wankewa kawai muka yi muka ɗiga mata mai. Inna ta fito da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, sannan ta zo ta dafa sirdin ta yi wa mahaifina addu'a, ta yi wa Baba mai gyara, ta ce in kai masa tuwon Salla. Na kai masa da kaina a kan keken.

Abin da ya rage yanzu fitila ce. Dainamon da ke gogar taya yana juyawa amma ba ya kawo wuta, kuma gilashin fitilar gaba ya fashe. Baba ya ce wayar cikin ce ta yanke, akwai wani mai naɗin waya a Bukuru da zai gwada. Na sake barin lambata wajen 'yan gwangwan saboda gilashin, Asabar mai zuwa zan leƙa.